Tayar mota a wilin baya na tsohon Gold Wing: wadda za ta shiga da wadda za ta fashe

Tambaya daga Gombe: "Ina da Honda Gold Wing GL1200 ɗan Beljiyam, da shi nake zirga-zirga tsakanin Gombe, Bauchi da Jos. Tayar baya 150/90-15 ce, ta cinye, na zagaya ban samu sabuwa ba. Mai faci ya ce a sa tayar mota mai lamba 15, wai ta fi arha kuma ta fi ƙarko. Wani kuma yana da wilin baya na GL1500 zai sayar mini. Wanne zan yi?"

Malam, kada ka bari a ɗora tayar mota a kan rim ɗin da ke jikin mashin ɗinka yanzu, ko da kyauta aka ba ka ita. Mai facin bai yi nufin cutarka ba, lamba ya gani iri ɗaya ya ɗauka awo ɗaya ne. Amma inci 15 na mota daban, inci 15 na babur daban.

Wurin da ake aunawa shi ne inda bakin taya ke zama a jikin rim. A rim ɗin mota mai lamba 15, faɗin da'irar wurin milimita 380.2 ne. A na babur mai lamba 15 kuwa milimita 383 ne. Bambancin milimita 2.8 ke nan, wanda ido ba zai kama ba. Idan ka bi zagayen da'irar gaba ɗaya, ya kusa milimita 9. Bakin taya kuma ba roba ce zalla ba, akwai wayoyin ƙarfe da aka nannaɗe a ciki, kuma aikinsu ke nan su ƙi miƙewa. Saboda gudun wannan ruɗani ne masu ƙera taya suke rubuta M/C, wato ta babur ce, a jikin tayar babur. Duba tsohuwar tayarka, za ka ga an sa 150/90-15 M/C, ko 150/90 B15 M/C.

Ga abin da ke faruwa a rumfar mai faci idan aka nace. Da liba da ruwan sabulu tayar za ta shiga tsakiyar rim, domin tsakiyar akwai kwari. Matsalar tana farawa lokacin da aka sa iska don bakin ya hau mazauninsa. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce kada a wuce iska 40 a awon geji (psi) wajen zaunar da baki. Tayar mota a rim ɗin babur mai 15 ba ta zama a 40. Sai a kai 60, gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya ƙi. Sai a kai 80, wani har ya haura 100, yana tsugune a kanta yana bugu da guduma. A nan ne waya ke tsinkewa, tayar ta yi bindiga, rim ya tashi sama. Wanda fuskarsa ko hannunsa ke kusa shi ke kwana a asibiti, in an yi sa'a. Wasu kuma idan ta ƙi sai su watsa fetur a ciki su ƙyasta ashana. Wannan ko a tayar da ta dace da rim ɗinta ganganci ne, balle wadda ta matse.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne idan ta zauna lafiya. Kowa zai yi murna a ce ai ga ta nan ta shiga. Alhali wayoyin cikin baki sun sha jan da ya fi ƙarfinsu, wataƙila wasu sun riga sun tsinke a ciki ba a gani. Sai ranar da ka ɗauko goyo da kaya, cikin zafin Afrilu da kwalta ke turiri, kana gudun 110 tsakanin Alkaleri da Dindima, rami ɗaya ya ƙarasa abin da kwamfuresa ya fara. Mashin da ya haura kilo 300 tun kafin a hau shi ba ya yafe fashewar tayar baya.

Za a iya ce maka a kai rim ɗin wurin masu injin sassaƙar ƙarfe a rage shi ya dawo awon mota. Kada ka yarda. Rim ɗin zubin alminiyam ne, kaurinsa a wurin ba shi da yawa, kuma sassaƙar za ta cinye ɗan tudun da ke hana bakin taya zamewa ciki idan iska ta ragu.

Masu rim mai lamba 17, irin baburan Honda GL1000, GL1100 na 1980 da 1981, da ST1100, su matsalarsu ta juya. Na babur milimita 433.8 ne, na mota 436.6. Tayar mota ta fi rim ɗin girma, don haka za ta shiga ba gardama, kuma wannan sauƙin shi ne tarkon. Bakinta bai kama rim da ƙarfi ba, iska ce kawai ke danne ta. Da ƙusa ta huda iska ta sauka, babu abin da zai riƙe ta.

Lamba 16 kaɗai ce awon ya zo kusan ɗaya, 405.6 a mota, 406 a babur. Shi ya sa yawancin labarin tayar mota da kake ji a kan manyan babura daga masu rim 16 ya fito, galibi a Amurka inda tituna suke miƙe ɗoɗar. Masu GL1800, wanda tayarsa ta asali 180/60R16 ce, suna sa 195/55R16. Masu Valkyrie, mai 180/70R16, suna sa 205/60R16. Masu GL1500, mai 160/80-16, suna neman 175/75R16 ko tayar tasin Landan mai lamba 175R16. Dalilinsu a fili yake: sun ce tana ninka tayar babur ƙarko sau biyu ko uku, tana da arha, kuma tana ɗaukar nauyi fiye da ita. Batun nauyin gaskiya ne. Tayar GL1800 mai lambar nauyi 74 kilo 375 take ɗauka, ita kuwa 195/55R16 mai lamba 87 tana ɗaukar kilo 545.

Yadda ake lissafin tsayi yana da kyau ka iya shi, domin zai yi maka amfani ko wace taya za ka saya. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin. Ɗauki taka: kashi 90 na 150 ya ba da 135. Ninka biyu, sama da ƙasa, 270. Ƙara inci 15 na rim, wato milimita 381, ka samu 651. Ta GL1500 tana ba da 662. Ta GL1800 622 ce, 195/55R16 kuma 621, ka ga dalilin da ya sa suka zaɓe ta. Wanda ya sa 175/60R16 a GL1500 saboda ita ya samu, ya rage tsayin da milimita 46, bayan mashin ya sauka da milimita 23, injin ya riƙa kuka fiye da da a gudu ɗaya, salansa da matakan ƙafa su riƙa kartar ƙasa a kwana, ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya kuma ya zama aiki.

Ko a 16 ɗin ma, shiga daban, dacewa daban. Leɓen rim ɗin mota tsayinsa ya ɗan haura milimita 17, na babur 14 ne, don haka gefen tayar mota bai samu majingina yadda aka ƙera shi ya samu ba. Bakin tayar mota ya fi na babur kauri, sai ya zauna a kan ɗan tudun nan na tsaro maimakon ya faɗa bayansa. Sannan faɗin rim: masu ƙera 195/55R16 sun ce a sa ta a rim mai faɗin inci 5.5 zuwa 7, na GL1800 kuwa inci 5 ne. Na GL1500 inci 3.5 ne kacal, ana tsuke masa tayar da ke son aƙalla 4.5. Ga kuma haɗa iri: GL1200 da GL1500 da tayoyi masu saƙar gicciye suka fito, tayar mota kuwa radiyal ce, yadda gefensu ke lanƙwasa ba ɗaya ba ne. Babu kamfanin taya ko na babur da ya amince da wannan haɗi, saboda haka babu wanda zai gaya maka iska nawa za ka sa. Masu yi lalube suke tsakanin 28 da 40 har su dace da inda mashin ya daina rawa.

Inda za ka fi jin bambanci shi ne a hannunka. Tayar babur a zagaye take kamar bayan ƙwarya, duk yadda ka kwantar da mashin akwai fuskar da ke taɓa ƙasa, kuma wannan zagayen ne ke jan mashin ya shiga kwana. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce mai kafaɗu biyu. Idan ka kwanta a kwana sai ta hau kafaɗa ɗaya, wurin da ke taɓa ƙasa ya matsa gefe, mashin ya riƙa neman miƙewa tsaye. Dole ka ci gaba da danna kan mashin har kwanar ta ƙare, da ka sassauta sai ya buɗe ya nufi hannun masu zuwa. A hawan Jos bayan an wuce Toro, ko a kwanonin da ke tsakanin Billiri, Kaltungo da Cham, wannan aiki ne da ba ya ƙarewa.

Titunanmu suna ƙara wa abin nauyi. Duk inda tirelolin siminti daga Ashaka da tankokin mai suke bi, kwalta tana yin kwari biyu da tudu a tsakiya. Shimfiɗaɗɗiyar taya tana bin duk abin da kafaɗarta ta taka: ta hau gefen kwarin, ta ture mashin zuwa ɗaya gefen. Haka idan babbar mota ta matse ka ka sauka daga kwalta, inda bakin titi ya zaizaye ya bar gangare na inci uku ko huɗu. Wajen komawa, kafaɗa ɗaya ce za ta fara kama bakin kwaltar, sai ka ji bayan mashin ya yi wani fizge. A tafiyar sannu ma, kan duwatsun hanyar unguwa ko wajen juyawa a gidan mai, dutse ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar taya ya isa ya karkatar da kilo 400 zuwa inda ƙafarka ba ta shirya ba. Keke Napep ba ya kwanciya a kwana, shi ya sa shimfiɗaɗɗiyar taya ta dace da shi. Haka babur da aka mayar mai ƙafa uku ko aka haɗa masa akwatin fasinja a gefe. Naka kuwa da kwanciya yake juyawa.

Sai batun wilin GL1500. Kada ka biya kuɗi a kan cewa duka Gold Wing ne. GL1200 an yi shi daga 1984 zuwa 1987, GL1500 daga 1988 zuwa 2000, kuma ƙirar bayansu ta bambanta. Waɗanda suka yi wannan sauyi ba wili kaɗai suka ɗauko ba. Sun haɗa da giyar baya, wato akwatin da shaf ke shiga ya juya wili, da faifan birki da mariƙinsa, kuma sai da aka yi yanka da gyare-gyare kafin komai ya zauna. Idan mai sayarwar wili tsirara yake da shi, rabin kaya ke nan.

In har kana son gwadawa, a ajiye wilin biyu a ƙasa gefe da gefe, a samo kalifa, wato ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke auna kauri, kada a dogara da tef ɗin tela. A fara da sandar da ke ratsa wili: kaurinta dole ya yi daidai da ramin boris. Lambar boris tana rubuce a gefensa, kuma lamba ɗaya tana canza komai. 6204 da 6304 duk raminsu milimita 20 ne, amma bayan na farko 47 ne, na biyu 52. Sai a auna faɗin cibiyar wili daga boris zuwa boris, da tsawon bututun da ke tsakaninsu a ciki. Wannan bututu shi ne ke ɗaukar ɗaurin noti. Idan ya gaza ko da milimita ɗaya, ko bakanike ya manta shi a ƙasa, ɗaurin zai sauka a kan boris, ya ƙone kafin ka kai Bauchi. Daga nan a duba faifai mai haƙora da ke haɗa wili da giyar baya. A ƙirga haƙoran, a ƙirga 'yan sandunan da ke shiga robobin cibiya, a ga zurfin da haƙoran ke shiga juna. Idan rabin tsawonsu kawai suka kama, mashin zai yi tafiya yau, amma nan da 'yan watanni za ka ja mai, injin ya yi kuka, wili yana tsaye. Faifan birki kuma a auna faɗinsa da kaurinsa da nisansa daga tsakiyar wili, domin dole ya ratsa tsakiyar mariƙin birki, kuma takalmin birki ya kama fuskarsa gaba ɗaya. Cusa washa don cike gurbi a wajen birki ba gyara ba ne.

Idan duk wannan ya yi, saura saiti da sarari. A ɗora mashin a tsayuwar tsakiya, a ja zare biyu daga gefen tayar baya, dama da hagu, zuwa gaba. Da tayoyinka na asali, gaba 130 baya 150, tazarar zare da tayar gaba milimita 10 ce a kowane gefe. Idan ka samu 4 a dama 16 a hagu, wilin baya ya kauce daga tsakiya, mashin zai riƙa ja gefe kuma ya cinye taya a karkace. Sararin da ya fi ƙaranci yana gefen shaf. A bar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da ƙarfe, domin taya tana kumbura idan ta yi zafi. Sannan a kwance shoka a ɗaga wilin har ƙarshen tafiyarsa, a juya shi da hannu a ji ko yana taɓa madigadi ko kan wani noti ko wayar wuta. Da yawa suna aunawa mashin ba kowa a kai, sai an ɗauki goyo an faɗa rami noti ya yanka taya.

Bayan duk wannan wahala me za ka samu? Rim mai ɗaukar 160/80-16, tayar da kusan GL1500 kaɗai ke amfani da ita, wadda samunta a nan bai fi samun taka sauƙi ba. Tayar mota mai faɗin 175 kuma da wuya ta samu sarari a bayan GL1200. A ganina wannan sauyi bai cancanci kuɗinka ba, sai dai idan rim ɗinka ya tsage ko ya lanƙwashe kuma an rasa irinsa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka nemi 150/90-15 ta babur, kuma ba ta ɓace daga duniya ba. Ita ce a bayan Kawasaki Voyager XII, Yamaha V-Max na da, da Royal Star Venture, don haka idan kana tambayar dillalan kayan manyan babura a Legas, Kano ko Abuja, ambaci waɗannan ma. Dunlop, Metzeler, Michelin da Shinko duk suna yin ta. Ka lura da lambar da ke bin awon. Mai 74 kilo 375 take ɗauka, mai 80 kuma kilo 450. Tunda kana tafiya mai nisa da kaya, mai 80 ce taka, kuma za ta fi jure zafi. Za a iya kawo maka 170/80-15, wadda ta fi yawa saboda Honda Shadow da Yamaha V-Star. Tsayinta 653, kusan daidai da taka, amma ta fi faɗi da milimita 20, kada ka saya sai an auna sararin gefen shaf. Kuma ka riƙa yin oda tun tayar da ke kai tana da sauran zane, kada ka jira sai ta yi sanƙo, domin matsuwa ce ke sa mutum karɓar duk abin da aka miƙo masa.

Kowace aka kawo, duba shekarunta. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Idan lambobi uku ne, kafin shekarar 2000 aka yi ta, a bar ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. 'Yar Beljiyam mai kyan zane amma tsohuwa, lanƙwasa gefenta da hannu ka duba cikin zanen, idan ka ga ƙananan tsage-tsage robar ta bushe.

Saurin cinyewar da ya sa kake tunanin tayar mota, mafi yawansa daga ƙarancin iska ne. Sayi gejinka ka ajiye a akwatin mashin, domin na bakin titi sukan yi saɓanin 5 ko fiye. Auna da safe kafin ka motsa. Da goyo da kaya, baya yana son kusan 40, gaba 32, amma ka tabbatar daga takardar da ke manne a jikin mashin. Idan ka tsaya a hanya ka ga ta hau da 4 ko 5 saboda zafi, kada ka sace iskar, haka ya kamata ta yi.

Tunda za a cire wilin, a yi aikin da yawancin masu waɗannan mashina ke tsallakewa. A wanke haƙoran faifan da na giyar baya da kananzir a duba su. Idan ka ga jar ƙura tana zubowa, ko haƙoran sun yi tsini maimakon kai mai faɗi, sun daɗe suna cin juna a bushe. Giris ɗin boris na gama-gari ba ya zama a wurin, matsi yana fitar da shi. Ana son giris mai kauri da ke ɗauke da sinadarin moli (molybdenum), wanda sinadarin ya haura kashi 40 cikin ɗari, a shafa da ɗan buroshi a kowane haƙori. A canza zoben roba da ke wurin idan ya taurare, a girgiza faifan a ji ko robobin cibiya sun saki. A sa sabon bawul, na ƙarfe ya fi, domin tsohon na roba yana tsagewa daga gindi ya saki iska lokaci ɗaya. A bi kibiyar da ke jikin taya wajen ɗorawa, a goge sabulun da ya rage don kada ya ci alminiyam, a duba siririn layin da ke zagaye bakin taya a ga tazararsa da rim ɗaya ce ko'ina. Wajen mayarwa, idan an sassauta notocin da ke riƙe giyar baya, a fara ɗaure sandar wili tukuna sannan su, don haƙoran su zauna a miƙe. A canza man giyar baya da man giya mai lamba 80 ko 80W-90, bai kai milimita 200 ba yake ci, a zuba har ya kawo bakin ramin zubawa. Kafin ka tayar, taka birkin baya sau da yawa har ya yi tauri, kuma kilomita 150 na farko ka bi sabuwar tayar a hankali a kwana har santsin fuskarta ya goge.